Daga Legas zuwa gida da motar lantarki: lissafin yunit, soket da wurin kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Daga Agege nake magana, ga motar nan a bayana, waya a jone. Tambayar da mutanenmu na nan kurmi suka fi yi ita ce, wannan motar da ba ta shan mai za ta kai mutum gida kuwa? Kaduna, Kano, Sakkwato? Za ta kai. Amma a cire tunanin tashi da asuba a sha miƙe har dare kamar direban tirela. Soket ɗin da za ka samu a inda za ka kwana, shi ke yanke maka yawan kwanakin tafiyar. Ku matso mu yi lissafi.

Duk mai mitar kati a gida ya san yunit. To batirin mota ma da wannan yunit ɗin ake auna shi, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Mu ɗauki Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya fara haɗawa a nan Legas a 2020. Batirinta yunit 64 ne, a takarda kuma an rubuta tana cin kilomita 482. Wannan adadin ku bar shi a takardar. A babban titi, kana gudu 100, esi a kunne, mutum huɗu da kaya a but, ka ƙiyasta yunit 17 zuwa 18 a kowace kilomita 100. Kuma ba za ka shanye batir ƙarƙaf ba, sai ka bar kashi 15 saboda ɓacin rana. Abin da ya rage maka kamar yunit 54 ne, kilomita 300 ke nan. Idan kuma motarka daga Sin aka shigo da ita, adadin da ke jikin takardarta da gwajin can aka fitar da shi, wanda ya fi na Turai zuƙi, don haka ka zaftare kusan kashi ɗaya cikin uku kafin ka fara tsara hanya.

Yanzu ku ɗora wannan 300 a kan hanyoyinmu. Daga tsohon tolget na Ojota zuwa Badun kusan kilomita 130 ne. Ka je ka dawo a caji ɗaya, muddin ba ka yi ta yawo cikin gari ba. Daga Badun zuwa Ilori, ta Oyo da Ogbomosho, akwai kusan 160. Ka ga Legas zuwa Ilori kai tsaye ya zo daidai bakin iyaka, ni ba zan ba kowa shawarar gwadawa ba tare da ya ƙara wuta a Badun ba. Abuja ta Akure, Okene da Lokoja kusan 750 ce, yunit 130 ke nan, cikon batir biyu da ɗoriya. Kano ta haura 1,000.

Gudu shi ne babban ɓarawon wuta. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: ka ninka gudu, ita ta ninka sau huɗu. Motar da ke cin yunit 15 a gudu 90, idan ka taka ta 120 za ta wuce 20. Titin Legas zuwa Badun tun da aka gyara shi yana jan ƙafa, daga Shagamu sai ka ga allura ta haye ba ka sani ba. Riƙe ta tsakanin 90 da 100. Sai kayan saman rufi. Mun san halinmu, ba a zuwa gida hannu rabbana, sai an ɗaure Ghana-mos-go biyu da katifa a sama. A motar lantarki wannan ɗaurin kaɗai zai iya cinye maka kilomita 50 ko fiye. Ba wa motar haya kayan a tasha, ya fi arha.

Goslo kuwa, wanda mutane suka fi tsoro, ba shi ne matsalar ba. Idan ka maƙale a Doguwar Gada da ke gaba da Kara, ko tireloli suka toshe Ogere, injin ba ya cin komai a tsaye. Esi ne kawai ke ja, yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Awa uku a cunkoso bai wuce kashi 6 ko 7 na batir ba.

To, mu zo kan caji. Bari in kawo kyamara kusa da bakin cajin nan. Kun ga sama akwai zagaye mai ƙananan ramuka, ƙasa kuma manyan ramuka biyu. Wannan shi ne CCS2, irin na Turai. Na saman na wutar gida ne, na ƙasan na caji mai sauri. Motocin da aka ƙera don kasuwar Sin nasu GB/T ne, baki biyu daban-daban. Na Amurka CCS1 ne, Tesla ta Amurka da nata bakin, tsohuwar Nissan Leaf kuma CHAdeMO. Babu wanda ke shiga ɗan uwansa. Adafta ta wutar gida ba ta da tsada, amma ta caji mai sauri daga CCS2 zuwa GB/T akwai kwamfuta a cikinta, tana da tsada, kuma ba kowace na'ura take yarda da ita ba. Ka gwada ta a nan Legas tukuna, kada ka bari sai a hanya.

Na'urorin caji masu sauri yawancinsu a Legas da Abuja suke. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ta kafa tashoshin caji masu hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Legas a 2021, da kuma Nsukka, amma na gwaji ne. Duk tashar da ka gani a taswirar waya, ka kira ka ji daga bakin mutum: tana aiki yau? Wane baki gare ta? Kilowat nawa take bayarwa? Da me ake biya? Idan ka dace da mai kilowat 50, Kona tana kai kashi 80 cikin awa ɗaya da kwata. Daga 80 zuwa sama sai ta koma tafiyar hawainiya, kamar ɗura hatsi a buhu, na farko zuba kawai ake, na ƙarshe sai an girgiza an danna. A inda akwai wata tasha a gaba, cire a 80 ka wuce. A hanyarmu da babu, zauna ka ci abinci, ka yi salla, ka bar ta ta cika.

Daga ka bar Badun ka nufi arewa, ka sa a ranka soket ɗin bango ne gidan manka. Nan ne lissafi ke canjawa gaba ɗaya. Wutarmu bolt 230 ce. Soket ɗin gida mai ƙafa uku an rubuta masa am 13, wato yawan wutar da zai iya ɗauka, amma ba a ƙera shi don ya ɗauki 13 awa goma a jere ba. Sai ka saita caja a am 10. Goma sau 230, wat 2,300, wato kilowat 2.3. Cire abin da ke ɓacewa a zafi, yunit 2 ke shiga batir a awa, kilomita 11 ko 12 ke nan. Ka jona ƙarfe takwas na dare, ka cire shida na safe, ka samu yunit 20, abin da bai fi kilomita 115 ba. Da wannan, Abuja sai ta ci maka kwana huɗu ko biyar. Soket ɗin esi mai zagayayyun ƙafafu, na am 15, ya ɗan fi, za ka iya jan 13 a kansa ka samu kusan kilowat 3.

Ga abin da ke raba gardama. Wannan shuɗin fulogi mai kauri da ke hannuna na am 32 ne, irin wanda ake gani a masana'antu da manyan kicin na otal. Am 32 sau 230, kilowat 7 da ɗoriya, daidai da iyakar abin da cajar cikin Kona ke karɓa. Awa takwas ya zuba maka sama da yunit 50. Kwana ɗaya, batir ya kusan cika. Da irinsa a Akure da Lokoja, idan ka ƙara wuta a Badun, Abuja ta zama tafiyar kwana biyu a hanya, ka shiga rana ta uku da hantsi, tunda daga Lokoja saura kusan 200. Don haka cajar tafi-da-gidanka da za ka saya ta kasance mai canjin am: 8, 10, 13, 16 har 32, da gajerun wayoyi na canjin fulogi. Idan kana da ɗan uwa a Sabo ta Badun ko a Ilori, kuma kana yawan bin hanyar, biya mai wayarin ya ja layi guda daga akwatin wuta: waya mai kauri milimita 6, bireka am 40 nata na kanta, da na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare. Waya 2.5 da ake ja wa soket ba za ta ɗauki 32 ba, narkewa za ta yi cikin bango.

Abubuwa uku ke hana caji a masauki, kuma kusan kullum su ne. Na ɗaya wayar ƙasa, wato at. Caja kafin ta saki wuta sai ta duba akwai at, idan babu sai ta kunna jar fitila ta yi shiru. Gidaje da yawa an sa soket mai ƙafa uku amma ta ukun ba a jone take da komai ba. Riƙe ƙaramar mita ta gwaji. Tsakanin laif, wayar da ke kawo wuta, da nutural, wadda ke mayar da ita, ka ga 220 zuwa 230, tsakanin laif da at kusan haka, tsakanin nutural da at 'yan bolt kaɗan. Wasu cajojin suna da maɓallin tsallake wannan binciken. Ku rabu da shi. Jikin motar ƙarfe ne, yara na wasa a tsakar gida, ƙasa a jiƙe. A nemi mai wayarin ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya jona, aikin awa ɗaya ne.

Na biyu, wuta mara ƙarfi. Idan ta sauka 180, am 10 ɗin nan kilowat 1.8 kawai zai ba ka, ta ƙara sauka caja ta yanke. Doguwar siririyar ekstenshan tana ƙara kashe ƙarfin, musamman idan an bar ta a naɗe, nan take ɗaukar zafi. Warware ta duka, kada kaurinta ya gaza 2.5. Bayan rabin awa da jonawa ka taɓa fulogin da bayan hannu. Ɗumi ba komai. Idan ya yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba, rage am ko ka canja soket.

Na uku janareta. Ƙaramin nan na shago bai kai kilowat ɗaya ba, kada ma a ɗauko shi. Don am 10 kana son mai kVA 3.5 zuwa sama wanda ba a ɗora masa firji da famfo ba, don am 32 kuma 10 zuwa sama. Yawancin ƙananan janareta nutural ɗinsu ba a haɗe yake da at ba, shi ya sa caja ke ƙin su, mai wayarin ne zai haɗa. Sannan idan an ɗauke wutar NEPA aka juya zuwa janareta, wasu cajojin ba sa ci gaba da kansu. Ka kwanta da murna, ka tashi ka tarar awa biyu kawai ta yi. Sa ƙararrawa tsakar dare ka leƙa, ko ka sallami maigadi ya duba maka koriyar fitilar. Kuma tun a waya ka tambayi manaja, ƙarfe nawa suke kashe janareta?

Maganar kuɗi a gama ta kafin a jona. A 2024 masu layin Band A sun koma biyan naira 200 da 'yan kai a yunit. Cika Kona daga ƙasa yana jan kusan yunit 72 a mita, wajen naira 15,000 ke nan a wancan farashin. A janaretar dizal lita ɗaya tana ba da yunit 3 ko ɗan fiye, yunit 50 zai sha lita 15 zuwa 17. Mai otal bai cuce ka ba idan ya ce kuɗin janareta daban. Cajar tana nuna yunit a fuskarta, ku ɗauki hoto a farko da ƙarshe, a biya a kan haka.

Kafin tashi, iskar taya ta kai abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a auna da safe taya na sanyi. Da yawa cikin motocin nan ba su zuwa da safaya, ka sayi taka da jak, don mai faci ba zai iya komai da tayar da rami ya tsaga ta gefe ba. Batir a ƙarƙashin mota yake, a bi ramuka da tudun rage gudu a hankali. Da damina kada ka shiga ruwan da ya kai rabin taya. Idan ka isa arewa a watan Maris ko Afrilu, zafi na haura 40, aje ta a inuwa ka yi caji da dare, don batir mai zafi rage karɓar wuta yake yi.

Ku duba nan ƙarƙashin bonet. Wannan ƙaramin batirin bolt 12 ne, irin na kowace mota. Shi ke tayar da kwamfuta ya buɗe wa babban batirin hanya. Idan ya mutu, ko babban na kashi 90, motar ba za ta kunnu ba, bakin caji ma ba zai amsa ba. Ƙaramar na'urar tayar da batir ta zauna a aljihun ƙofa. Waɗannan wayoyi masu ruwan lemo kuma kusan bolt 400 ke bin su, kada bakaniken bakin titi ya sa musu sifana komai rantsuwarsa. Idan wuta ta ƙare maka a hanya, ba a jan ta da igiya, domin tayoyin na juya injin yana haifar da wuta, ya ƙona na'urar sarrafawa. Motar ɗauka mai shimfiɗaɗɗen baya za a kira, a ɗora ta gaba ɗaya. Lambar masu irin wannan motar a Badun, Ilori, Akure da Lokoja ta kasance cikin wayarka tun kafin ka wuce Berger.