Maganin kanjamau na hana ni barci, in daina sha?

Kwana biyun nan magana ɗaya ce ke ta yawo, wai wasu tun da suka fara shan maganin rage kaifin cutar kanjamau barci ya ƙaurace musu, ga munanan mafarkai ga ƙuncin zuciya, shi kenan sai suka tura kwalbar ƙarƙashin gado. To a nan gizo ke saƙa.

Ba ƙarya suke ba fa. Akwai wani daga cikin magungunan mai suna efavirenz, an san shi da sa jiri da mafarkin firgita, wani lokaci har ciwon damuwa, musamman a makonnin farko. Yana cikin dalilan da suka sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fi ba da wani maganin mai suna dolutegravir, duk da shi ma yakan hana wasu barci.

Amma don Allah kar ka daina sha da kanka! In ka daina, ƙwayar cutar kan dawo ta yawaita cikin jini a 'yan makonni, kuma tana iya bijire wa maganin har ya daina yi maka aiki. Magani ana canja shi, aikin likita ne. Ka koma asibiti ka faɗa musu baki da baki, ba "ina ɗan jin wani iri" ba, a'a, ka ce kwana goma ban runtsa ba, abinci ya fita raina, kuka nake ba dalili. Ni abin da ke ci min rai shi ne mutum ya zo karɓar magani a tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi, alhali zuciyarsa ta yi nauyi, kuma tun 2016 hukumar ta ce duba ciwon damuwa yana cikin kulawar da ta kamata a ba mai ɗauke da cutar.

Wani sa'in ma ba maganin ba ne, tsangwama ce da ɓoye sirri kai kaɗai. Akwai masu ba da shawara, akwai zaman 'yan'uwa masu irin lalurar, akwai maganin damuwa, sai dai ka nuna musu duk abin da kake sha don wasu magungunan ba sa haɗuwa.

In ƙuncin ya kai mako 2, je ka. In kuwa har tunanin kashe kanka ya zo, yau ɗin nan, kar ka jira ranar karɓar magani, ka tafi da kwalbar a hannunka.