Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ƙaramin Jakadan Najeriya a Jidda, Daga Masu Sayar da Keken Caji

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. A madadin dattawanmu da duk masu sayar da keken caji da masu gyaransa a nan Jidda, daga Karantina har Bab Makka, muna maka lale marhabin. Mun san aiki ya maka yawa amma ka tako da ƙafarka cikin wannan zafin, Allah ya saka da alheri.

Toh ranka ya daɗe bari in tafi kai tsaye. Wannan sikal ɗin na caji ya zama abin neman abincin yaranmu, masu kai saƙo da masu zuwa aiki, ba fetur ba wahala. Kuma mu ba ma gudun doka wallahi, mu ne ma muka fi kowa son ta. Ƙasar nan tana da hukumar SASO mai kula da ingancin kaya, ga tsarin SABER da ake rajistar kaya kafin su shigo, mun gode da wannan. Roƙonmu ɗaya ne, in za a ƙara tsara ƙa'idar keken nan a ji ta bakin wanda yake kwance shi yana ɗaurawa kullum.

Don yawanci in ana maganar doka gudu ake kallo. A Turai sun tsayar da ƙarfin injin a wat 250, in keke ya kai kilomita 25 a awa injin ya daina turawa, Sin ma 25 ɗin ta ɗauka. Wannan daidai ne. Amma abin da yake hana mu barci batir ne da caja. Keke zai shigo da takardunsa lafiya lau, in batirin ya gaji sai yaro ya shiga intanet ya sayo mai araha wanda ba a san wa ya haɗa shi ba, ko caja ta ɓata ya ari ta abokinsa, ƙarfin wutar batirinsa volt 36 ne na cajar kuma 48, bakin dai ya shiga shi ke nan ya jona ya kwanta, a ɗakin da mutum biyar suke barci kuma keken a bakin ƙofa. Ga zafin garin nan da yake haura 40 a lokacin bazara. Ni da idona na ga batirin da aka kawo min gyara ya kumbura yana wari, da kyar muka fitar da shi waje kafin ya kama, kuma wutar irin wannan batir in ka kashe ta sai ta sake tashi. Birnin New York sai da gobarar nan ta ci rayuka, a 2023 suka hana sayar da keken da bai da shaidar gwaji ta UL 2849. Allah ya kiyaye mu kai can.

Saboda haka muke roƙo ka isar mana, yadda ake tantance keke a tantance batir da cajar da ake sayarwa daban, har na intanet, in ba haka ba mai shago mai gaskiya ne kawai zai sha tsada. A kuma samar mana inda za mu kai mataccen batir, yanzu haka wasunmu sun tara su a bayan shago don tsoron zubawa a shara. In sabuwar ƙa'ida ta fito dan Allah a ba mu wa'adi, akwai wanda duk jarinsa yana cikin kayan da ya riga ya sauke.

Mu ma da namu aikin, mun yi alkawari tsakaninmu ba wanda zai cire wa keke takunkumin gudu ko nawa za a ba shi, kuma duk wanda ya saya za mu masa bayanin caji da Hausa ko Larabci kafin ya bar shago.

Ga takardar mun rubuta komai a ciki, dattijonmu zai miƙa maka. Bayan gahawa da dabino muna so ka leƙa shagon nan na kusa, mun ajiye batir biyu, mai kyau da na bogi, ka riƙe su a hannunka ka ji bambancin nauyi. Allah ya maida kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.