Gyare a cikin wasan kwamfuta: laccar da aka gabatar wa ɗalibai a Sakkwato

Assalamu alaikum. Malamaina da ɗalibai, sannunku da haƙurin wannan rana.

Galibinku kun san Pokémon GO, wanda kamfanin Niantic ya fitar a 2016. Ka ɗaga wayarka, kyamara ta nuna maka ƙofar gidanku, sai manhaja ta ɗora wata halitta ta zane a kai kamar tana tsaye a wurin. Wannan ita ce fasahar ɗora zane a kan zahiri. To ni yau juya ta zan yi: dabba mai rai ita za a shigar cikin wasan.

A 2006, Wim van Eck na Jami'ar Leiden da ke Holan ya ɗauki tsohon wasan nan Pac-Man, wanda dodanni ke farautar ɗan wasa a cikin lungu-lungu, ya cire dodannin da kwamfuta ke juyawa, ya sa gyare masu rai a gurbinsu. Ya gina musu ɗan akwati mai lungu-lungu, kyamara a sama tana bin launinsu, duk inda gyare ya nufa dodo ya nufa a allo. Idan ana son su motsa sai a girgiza ƙasan akwatin, don gyare yana gudun girgiza. Ana tsakar wasa ɗaya ya yi saɓa, ya fito fari fat, kyamara ta daina ganinsa, dodo ya tsaya cak. (Dariya.) Wane mai rubuta manhaja ne zai tsara wannan?

Abin da ake nema ke nan. Abokin karawa na kwamfuta, in ka daɗe da shi ka haddace shi. Mai rai kuwa ba ya haddatuwa.

A Jami'ar Stanford ta Amurka, wajen 2011, Ingmar Riedel-Kruse ya yi haka da paramisiyam, halittar ruwa da ba a gani sai da madubin likita, ana karkata tafiyarsu da ɗan lantarki.

Wani ya rubuto yana tambaya ko za a iya da jar akuyarmu. Kyamara za ta iya bin ta, wannan ba wuya. Sai dai a garke duk launinsu ɗaya, manhaja za ta riƙa rikita su, dole a sa wa kowace alama. Kuma ni ban yarda a razana dabba don nishaɗi ba, ko da gyare ne. A bar ta ta yi kiwonta, wasan ya bi ta. Ɗaliban likitancin dabbobi da ke baya, ku za mu tambaya ta yaya ake gane akuya ta gaji.