Inda Ake Cinye Kuɗin Kwangila, da Yadda Ake Tare Hanyar

(Hoto: ginin azuzuwa uku ba rufi, ciyawa ta fito a ciki, awaki kwance a gindin bango.)

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi wannan gini. Duk wanda ya taso a ƙauye ko a bayan gari ya san irinsa: azuzuwa uku, an kai bulo har linta, sai aka tsaya. Ba kwano, ba ƙofa, ba taga. Damina biyu ta bi ta kansa, bango ya fara tsagewa. Yaran da aka ce don su aka yi shi suna can ƙarƙashin darbejiya, malaminsu ya jingina allo da kututture. Kuma in ka je ofis ka tambaya, ba mamaki a ɗauko maka fayil da ke cewa an gama aiki, an biya kuɗi.

Mutanen gari in sun tashi tsinuwa, ɗan kwangila suke tsine wa, domin shi suka gani da ido. Yana da nasa laifin. Amma kafin tifar yashi ta farko ta iso wurin nan, kuɗin ya bi ta hannaye da yawa, kuma galibi tun a kan takarda aka gama da shi. Bari mu bi sawunsa.

Daga kasafin kuɗi ake farawa. Wa ya ce garin nan azuzuwa yake buƙata? Wa ya yi lissafin abin da za su ci? A nan ake cushe, a nan ake aringizo. A ce aikin naira miliyan 30 ne, sai a rubuta 50. Miliyan 20 ta tafi ke nan tun ba a tona harsashi ba.

Sai neman 'yan kwangila. Ƙa'ida ita ce a sanar wa duniya, kowa ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe gaban kowa, wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi sauƙi ya samu. Masu kashe-mu-raba sun san ƙa'idar sarai, shi ya sa suke zagaye ta a hankali. Wani lokaci a ɗinka sharuɗɗan daidai jikin mutum ɗaya, kamar tela ya gwada shi. Wani lokaci ka ga kamfanoni uku suna takara, alhali duk na mutum ɗaya ne: ɗaya da sunan matarsa, ɗaya da sunan ƙanensa, ɗaya da sunan direbansa. Biyu su kai farashi sama da gangan, na ukun ya lashe, a fayil kuwa an yi gasa. Akwai kuma gutsuttsura kwangila. Kowane jami'i yana da iyakar kuɗin da zai iya sa wa hannu, in ya wuce nan sai an kai gaba. To sai a ɗauki babban aiki guda a yanka shi gida biyar, kowane yanki bai kai iyakar ba, babu mai dubawa daga sama.

(Hoto: hannun birkila yana murtsuke bulo, yana zubewa kamar gari.)

Wanda ya samu kwangilar ta wannan hanya sau da yawa bai taɓa riƙe cebur ba. Ya karɓi kafin alƙalami, ya miƙa kason waɗanda suka ba shi, ya sayar da takardar ga wani, wannan ma ya cire nasa ya sayar gaba. Abin da ya isa hannun mai aikin gaskiya ba zai gina azuzuwa uku ba. To me zai yi? Buhun simintin da ya kamata ya fitar da bulo talatin da 'yan kai, sai a matse shi ya fitar da hamsin. Rodi mai kauri a musanya shi da siriri. Ka ɗauki bulon ka murza, yashi ne ke zuba a tafin hannunka. Ƙarƙashin wannan bangon za a zaunar da 'ya'yan mutane. Daga ƙarshe injiniyan da aka ɗora wa duba aiki ya sa hannu cewa an kammala, wataƙila bai ma san hanyar garin ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowane mataki da muka lissafa, akwai ƙofar da aka bari a buɗe, kuma rufe waɗannan ƙofofi shi ne ainihin abin da ake nufi da kyakkyawan shugabanci a harkar kwangila.

Najeriya ta daɗe da sanin ciwon. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, an yi wani bincike tare da Bankin Duniya kan yadda gwamnati ke sayen kaya da ba da aiki, aka gano cewa cikin kowace naira ɗaya, kwabo 60 na salwanta ta hanyar maguɗi. Daga nan gwamnatin Obasanjo ta kafa ofishin bin ƙa'ida a fadar shugaban ƙasa, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta. A watan Yunin 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar ba da kwangilolin gwamnati, wadda ta haifi BPP, hukumar da ke sa ido kan ba da kwangilolin gwamnatin tarayya.

Dokar nan tana da haƙora, sai dai mutane ƙalilan ne suka karanta ta. Ta ce gasa a fili ita ce asali. Ta ce a buga sanarwar manyan kwangiloli a jaridun ƙasa aƙalla biyu. Ta ce a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, a karanta sunan kowane kamfani da farashinsa da babbar murya, kuma a gayyato 'yan sa ido biyu daga waje, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar farar hula. Kwangilar da ta kai wani adadi ba a ba da ita sai BPP ta duba ta ba da takardar amincewa. Ɗan kwangilar da yake ganin an zalunce shi yana da kwanakin aiki 15 ya kai ƙara ga shugaban ma'aikatar, in bai gamsu ba ya wuce BPP, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Jami'in da aka kama da maguɗi, ɗaurin shekara 5 ne aƙalla ba zaɓin tara, ga kora daga aiki. Kamfani kuwa a hana shi kwangila shekara 5 ko fiye, ya kuma biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.

To me ya sa har yanzu muke ganin kangon azuzuwa? Ni a ganina, tun daga sama aka fara sakin igiyar. Dokar ta tanadi wata majalisar ƙasa da za ta sa ido kan harkar baki ɗaya, wadda a cikinta har da wakilan lauyoyi, injiniyoyi, 'yan kasuwa, 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula. Aka shafe fiye da shekara goma gwamnatoci suna zuwa suna wucewa ba a kafa ta ba, manyan kwangiloli suka ci gaba da fitowa daga zaman Majalisar Zartarwa. In na sama bai bi doka ba, da wane baki zai tsawata wa darakta?

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: jinkirin biya. Ɗan kwangila mai gaskiya ya ci bashin banki, ya gama aiki, sai ya shekara biyu yana zarya a ma'aikata, kowane tebur sai ya ajiye na goro kafin fayil ɗinsa ya motsa. Gobe in zai sa farashi, sai ya lissafa da kuɗin ruwan banki da na goron. Gwamnatin da ke biya a kan lokaci, bisa layi, ta toshe babbar kafa ba tare da ta kama kowa ba. Haka ma raba hannu: wanda ya tsara aiki kada ya zama shi ke zaɓen ɗan kwangila, shi ke dubawa, shi ke biya. Ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a ƙarya kuma yana buƙatar kariya, domin in sakamakonsa shi ne a jefa shi wani lungu, na bayansa ba zai ƙi ba.

Babban magani dai shi ne haske. A Yukiren, bayan juyin juya halin 2014, 'yan ƙungiyoyi da 'yan kasuwa da jami'an gwamnati sun haɗu sun gina wani dandalin intanet mai suna ProZorro, wanda ya zama dole ga hukumomi a 2016. Takensa shi ne kowa ya ga komai: sanarwa, sunayen masu nema, farashin kowa, dalilin zaɓen wanda ya ci, da yarjejeniyar kanta. Kamfanin da ya faɗi yana iya buɗe takardun wanda ya ci ya duba, kuma babu mai sa ido kamar abokin takarar da ya sha kaye.

Akasin haka muka gani a Nijar. Sayen kayan soja abu ne da ake rufewa da sunan sirrin tsaro. A 2020 rahoton binciken ma'aikatar tsaron ƙasar ya fito fili, ya nuna an yi asarar kimanin sefa biliyan 76 ta hanyar aringizo da kayan da aka biya ba a kawo ba. Ya fito ne jim kaɗan bayan an kashe sojoji 71 a Inates, da wasu 89 a Chinagoder. Iyayen waɗannan sojoji suna da haƙƙin su san inda kuɗin ya shiga.

A Najeriya ma an fara buɗe wasu tagogi. Ƙungiyar farar hula ta PPDC ta kafa dandalin da ke haɗa bayanan kasafi da na kwangila, ta raɗa masa suna da Hausa, Budeshi, wato buɗe shi. Shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana tura mutane garuruwa su gani da ido ko an yi ayyukan da ke cikin kasafi. Tun 2019 hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci take bin sawun ayyukan mazaɓu, kuma an ga 'yan kwangilar da suka gudu suna komawa bakin aiki da jin an taho dubawa. A 2023 hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta buɗe rajistar da ke nuna ainihin masu kamfani, wadda da ita za a iya gano mai kamfanoni ukun nan da muka ambata.

(Hoto: allon kwangila a bakin gini, rubutun ya fara kwailewa.)

Mu koma ga gininmu. In akwai allo a gabansa, ku ɗauki hotonsa: sunan aiki, hukumar da ta bayar, sunan kamfani. In babu allo, wannan ma abin tambaya ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardu, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma hukumar tana da kwana 7 ta amsa. Abu huɗu za ku nema: kuɗin da aka ware, sunan kamfanin da ya samu, nawa aka biya zuwa yau, da takardar da ta jera kayan aiki, wadda za ta gaya muku buhun siminti nawa, rodi mai kauri nawa, kwano wane iri. Kada mutum ɗaya ya yi shi kaɗai. Ku sa kwamitin makaranta, mai unguwa, liman da ƙungiyar matasa su sa hannu tare, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In takardar ta fito, ku samu birkilan garinku, ku je wurin ginin tare da shi, a riƙa karantowa yana aunawa. In kwana 7 ta wuce shiru, wannan kwafin mai hatimi shi za ku kai ofishin ICPC mafi kusa, ko gidan rediyo, ko kotu.