Saƙar abarba da kwarashi: lissafin ido da gyaran da ke sa ta kwanta

Sannunku da aiki, 'yan'uwa masu saƙa. Wannan 'yar shimfiɗa da ake ɗorawa kan tebur ko ƙarƙashin kwanukan amarya, siffar abarba guda shida ake saƙawa a jikinta, kuma duk aikin lissafi ne.

Ki fara da zare. In kin shiga kasuwar Garwa ko ta Marwa, ki nemi zaren auduga mai lamba 10, da kwarashin ƙarfe mai milimita 1.5 ko 1.75. Ulun roba ya fi araha, amma yana cike ramukan, idon abarbar ba ya fitowa, ba ya kuma jure dutsen guga.

Abu uku kawai hannu zai yi: sarƙa, gajera, wadda ake sokawa kai tsaye ba tare da naɗa zare ba, da doguwa, wadda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka.

Ki yi sarƙa 8, ki haɗe ta zama zobe. Zagaye na farko, doguwa 24 a cikin zoben. Na biyu, doguwa ɗaya, sarƙa 3, ki tsallake ɗaya. Za ki samu rami 12. Na uku, kowane rami ki sa masa reshe, wato doguwa 2, sarƙa 2, doguwa 2. A na huɗu ne abarba ke kafa gindi: reshe ɗaya ki maimaita masa reshe, na gabansa ki zuba masa doguwa 9, da sarƙa 2 a tsakaninsu. Na biyar, ki bi dogayen nan tara kina raba su da sarƙa ɗaya ɗaya, rami 8 ke nan.

To, a nan ki nutsu. Ki soka gajera a ramin farko, sarƙa 3, gajera a na gaba, ido ɗaya ke nan. Rami 8 ido 7 yake bayarwa. Zagaye na gaba 6, sai 5, haka har ya rage ɗaya. Ki ƙirga kowace abarba kafin ki wuce, don ido ɗaya da ya ɓace ba ya nuna kansa sai bayan zagaye uku, lokacin da abarbar ta karkace, kuma ba makawa sai an warware.

A nan za ki iya ganin bakin shimfiɗar ya tashi kamar ƙoƙo. Abarba tana tsukewa, da'ira kuwa faɗi take nema. Saboda haka da ido ya koma 5, ki raba reshen da ke tsakani gida biyu, kina ƙara sarƙa a tsakaninsu kowane zagaye. In kuma bakin ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen salak, sarƙar ce ta yi yawa, ko kwarashin ya fi ƙarfin zaren.

Farin zare ba ya ɓoye datti. Ki wanke hannu, musamman in kin shafa mai ko sabon lalle, kuma lokacin hunturu ki riƙa ajiye aikin cikin leda saboda ƙura.

In kin gama, ki dafa sitacin rogo cokali ɗaya a ruwa kofi biyu har ya yi garau. Ya huce, ki tsoma, ki matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba. Ki shimfiɗa kan kwali da aka rufe da farin ƙyalle, ki ja tsinin kowace abarba ki kafe shi da fil marar tsatsa, kina ɗaukar su biyu biyu masu fuskantar juna. A inuwa za ta bushe, kuma kada ki zare fil ɗin sai ta bushe ƙayau.