Ga Tsada, Ga Ƙarancin Kaya: Ta Ina Karayar Tattalin Arziki Ke Shigowa?

Assalamu alaikum, masu kallo.

Mu fara da lissafin mai sayar da hatsi. A ce yana da jarin buhun masara 100, ya saro kowanne a kan naira 30,000. Ya sayar a kan 33,000, ya haɗa naira miliyan 3 da dubu 300. Da ya koma sari sai ya tarar buhu ya kai 38,000. Kuɗin da ke hannunsa buhu 86 kawai za su saya, da ɗan canji. A littafi ya ci riba, a sito kuwa buhu 14 sun tafi. Idan haka ta maimaitu sau uku a shekara, zai sallami yaron shago, ya rage hayar mota, ya daina ba da kaya bashi. Yaron da aka sallama shi ma zai rage cefane, mai kayan miya ta ji a cinikinta. Ta wannan ƙofa tsadar kaya ke rikiɗewa ta zama mutuwar kasuwa, kuma ita ce fargabar da ta cika Najeriya tun tsakiyar 2023.

A wurin masu ƙididdiga, ana cewa tattalin arziki ya karye ne idan jimillar abin da ƙasa ke samarwa ta ragu a zango biyu a jere, kowane zango wata uku. Najeriya ta ga haka sau biyu a 'yan shekarun nan. A 2020, lokacin kullen korona, zango na biyu ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari, na uku da kashi 3.6. Amma na 2016 ya fi kama da abin da ake tsoro. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, aka kuma riƙa fasa bututun mai a yankin Neja Delta. Dala ta yi ƙaranci, masana'antu suka kasa shigo da kayan aiki, tattalin arziki ya ragu da kimanin kashi 1.6 a shekarar, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 18. Kasuwa ta tsaya, farashi bai tsaya ba. Wannan haɗin shi ne mafi wuyar magani.

Dalilin wuyarsa shi ne tsada iri biyu ce. Akwai wadda yawan kuɗi ke kawowa: kuɗi sun yi yawa a hannun jama'a, kaya na nan yadda suke, masu saye na rububi. Akwai kuma wadda ƙarancin kaya da tsadar samar da su ke kawowa. Ta farko, in aka tsuke kuɗi tana lafawa. Ta biyu kuwa, ko ka tsuke kuɗin, buhun da ba a noma ba ba zai fito ba.

Wacce ce ta kama Najeriya? Duka biyun, sai dai ba nauyinsu ɗaya ba. Bashin da gwamnatin tarayya ta riƙa karɓa kai tsaye daga Babban Banki ya haura naira tiriliyan 22 zuwa ƙarshen 2022, kuma wannan ƙarin kuɗi ne da babu ƙarin kaya a bayansa. Amma abin da ya sa farashi ya yi tsalle cikin 'yan watanni ya zo ne ta ɓangaren kuɗin samar da kaya.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000. Mako biyu bayan sanarwar aka saki canjin kuɗi, wato aka bar kasuwa ta yanke farashin dala. Dala da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta zarce 1,500 a Fabrairun 2024. A watan Yulin 2023 aka yi juyin mulki a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, cinikin dabbobi, wake da albasa ta Jibiya, Illela da Maigatari ya tsaya sai wanda ya bi ɓarauniyar hanya. Sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Afrilun shekarar, masu samun wutar lantarki a rukunin A, wato waɗanda aka ware wa mafi yawan awannin wuta a rana, suka ga kuɗin kilowat ya tashi daga kimanin naira 68 zuwa 225.

Yanzu mu bi buhun masara guda daga gona zuwa tukunya, don a ga yadda waɗannan ke taruwa a kansa.

Manomi na buƙatar taki. Yuriya ana yin ta a gida, a masana'antun Dangote da Indorama, amma farashinta na bin na kasuwar duniya, tunda ana iya fitar da ita a karɓi dala. Shi kuwa NPK, biyu daga cikin sinadaransa shigo da su ake yi, fosfet daga Maroko, fotash kuma Rasha na cikin manyan masu sayar da shi a duniya, kuma yaƙin Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya dagula wannan hanya. Masara amfani ce mai cin taki. Manomin da ya saba zuba buhu shida a hekta, in ƙarfinsa ya tsaya a uku, girbinsa zai nuna. Wani ma sai ya bar masarar ya koma gero ko waken suya. A wasu yankunan Zamfara, Katsina, Sakkwato da Neja, gonar ma ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, ko sai an biya haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a girbe. Duk wannan kuɗi a kan buhun yake sauka.

Daga nan sai mota. Tirela dizal take sha, ƙananan motocin da ke kwaso kaya daga kasuwannin ƙauye fetur. Taya, batir da kayan gyara duk da dala ake shigo da su. Ga kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya. Kafin buhu ya iso Dawanau a Kano, an ɗora masa kuɗin mota sau biyu ko uku.

A Dawanau kuma masu saye ba 'yan gida kaɗai ba ne. Da naira ta faɗi, mai riƙe da sefa ya ga hatsin Najeriya ya yi masa araha, don haka kaya suka riƙa tsallaka iyaka. Kamfanonin abincin kaji da ke kasa shigo da masara daga waje su ma suka dawo kasuwar gida da manyan kuɗi. A nan ne maganar ɓoye kaya ke shigowa, kuma tana buƙatar adalci. Akwai masu ɓoyewa don su ƙuntata wa jama'a, wannan zalunci ne. Amma ku tuna da mai buhu 100 ɗin nan. Wanda ya ga jarinsa na narkewa duk lokacin da ya sayar, zai fi son riƙe buhu da riƙe naira. Fasa rumbuna na iya sauko da farashi na mako biyu. Abin da ke fito da kaya da kansu shi ne ɗan kasuwa ya yarda cewa farashin gobe ba zai wuce na yau ba.

Masu kiwon kaji su ne suka fi saurin nuna illar. Abinci shi ne kusan kashi 70 na kuɗin kiwo, masara kuma kusan rabin abincin. Kaza mai ƙwai na cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 1,000 na cinye buhu huɗu zuwa biyar masu kilo 25 kullum. Ba a ce wa kaza ta yi haƙuri zuwa kaka. In kuɗin kiret ɗin ƙwai bai biya kuɗin abinci ba, mai gona zai sayar da kajin ga masu yanka. Sake kafa garken kuwa sai an jira wata huɗu zuwa biyar kafin 'yan tsaki su fara ƙwai. Shi ya sa ƙarancin kan daɗe bayan abin da ya jawo shi ya wuce.

Sakamakon ya fito a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Hauhawar farashi ta tashi daga kashi 22.41 a Mayun 2023 zuwa 34.80 a Disambar 2024. Ta kayan abinci ta kai 40.87 a Yunin 2024, kuma abinci ya fi rabin jerin kayan da ake auna hauhawar farashi da su a lokacin.

Me Babban Banki ya yi? Ƙarƙashin gwamnansa Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya a Fabrairun 2024, ya ci gaba har 27.5 a Nuwamba. A Satumbar 2024 ya kuma kai ajiyar dole ta bankunan kasuwanci kashi 50: a lokacin, duk naira 100 da aka ajiye a banki, 50 na zaune a Babban Banki ba a ba da ita rance. Manufar ita ce a rage nairar da ke farautar dala, a kuma jawo masu zuba jari daga waje. Ta wannan fuskar matakin yana da hujja, domin in naira ba ta tsaya ba babu farashin da zai tsaya. Sai dai ku duba mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa ko Bompai. Rancen naira miliyan 10 a kan kashi 30 na nufin ruwan miliyan 3 a shekara, kafin ya biya dizal, wuta da albashi. Ga masu saye sun rage saye. Zai rage kwanakin aiki, daga nan ya rage ma'aikata. Manyan kamfanoni ma sun ji jiki: a 2023 GSK da Procter & Gamble suka sanar da sauya tsarin harkarsu a Najeriya zuwa shigo da kaya. Magani ne da ke rage zazzaɓi yana kuma raunana majinyaci. Amurka ta sha irinsa lokacin da shugaban Babban Bankinta, Paul Volcker, ya kai kuɗin ruwa kusan kashi 20 a 1981: tsada ta sauka, amma rashin aiki ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982.

To, an karye ko ba a karye ba? A takarda, a'a. Tattalin arzikin ya ƙaru da kimanin kashi 2.7 a 2023 da 3.4 a 2024. Amma yawan jama'a na ƙaruwa da sama da kashi 2 duk shekara, kuma yawancin ƙarin ya fito ne daga bankuna da sadarwa, waɗanda ba sa ɗaukar mutane kamar noma da masana'antu. An ƙara mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma mafi yawan 'yan ƙasa ba masu albashi ba ne. Haka kuma da aka ji hauhawar farashi ta koma kashi 24.48 a Janairun 2025, sabon ma'auni ne aka fara amfani da shi. Ko da ma'aunin bai canza ba, saukar wannan adadi na nufin farashi na tashi a hankali, ba wai ya dawo baya ba.

Akwai tarko ɗaya da ya cancanci a sa masa ido. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da masara, alkama, shinkafa da wake na kwana 150. Farashin hatsi ya sauko a 2025, masu cefane suka ɗan sarara. Amma taki da maganin feshi ba su sauko tare da shi ba, manoma da dama suka koka cewa abin da suka girbe bai mayar da abin da suka kashe ba. Manomin da ya yi asara bana, gonar da zai share baɗi ƙarama ce. Don haka mai son sanin inda aka dosa ya kwatanta kuɗin buhun taki da na buhun masara a watan Mayu, kafin shuka: buhun masara nawa manomi zai sayar ya sayi buhun NPK ɗaya? In amsar ta kusa biyu, a sa ran masarar da za ta shigo Dawanau a Oktoba da Nuwamba za ta ragu, kuma masu kaji ne za su fara jin ta.