Motar ruwa-biyu da motar lantarki: lissafin Toyota da abin da zai iso garejinmu

An gabatar da wannan lacca a Birnin Kebbi gaban kanikawa, direbobi, dillalan motoci da ɗalibai. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage maimaici da gaishe-gaishen tsakiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugabannin gareji, iyayenmu direbobi, ƙannena ɗalibai, ina yi muku barka da yamma, da kuma sannu da zafi.

Bari in fara da tambaya. A cikin ɗakin nan, wa ya taɓa sayen mota sabuwa fil, wadda ba wanda ya taɓa zama kujerarta? Ku ɗaga hannu. To, ban ga hannu ba, ni ma nawa yana aljihu. Motarmu tokumbo ce. Wani ya hau ta shekara takwas ko goma a Amurka ko Turai, ta bi teku ta sauka Legas ko Kwatano, sannan ta iso mana. Abin da wannan ke nufi shi ne, shawarar da ake yankewa yau a ofishin Toyota a Japan, nan da shekara goma za ta shigo garejin Birnin Kebbi da Jega da Argungu a kan tayoyi huɗu, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Shi ya sa na ce mu zauna mu duba abin da suke ƙullawa.

Motocin iri uku ne, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai mai lantarki zalla, babu inji, babu tanki, babu salansa, sai batir ƙato a ƙarƙashinta, kamar wayar hannu ake cajinta. Akwai haibirid, wadda ni nake kira ruwa-biyu: tana da injin fetur, tana da ɗan batir da na'urar lantarki mai juya taya, kuma ba a jona ta da wuta ko kaɗan, ita ke cajin kanta. Ta ukun ruwa-biyu ce ita ma, sai dai batirinta ya fi girma, ana iya jona ta a soket ta yi 'yan kilomita gomomi ba ta taɓa fetur ba, in ya ƙare inji ya karɓa.

Wannan ta ukun ma akwai hannun ɗan gida a tarihinta. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, a kwalejin fasaha ta nan garin ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Ditiroyit, kuma shi ya zana siffar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007. Daga baya, a 2017, aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Ɗalibai, ku riƙe wannan, na wuce.

Toyota ta fito da Prius, motarta ta ruwa-biyu, a ƙarshen 1997. Dabararta mai sauƙin faɗi ce. Duk direba ya san inda mota ta fi shan mai: tashi daga tsaye, gosulo, tsayawa inji na aiki a banza. A nan ne Prius ke kashe inji ta bar lantarki ya ja. In ka taka birki, ƙarfin da a motarka yake tafiya a zafin birki, ita mayar da shi take cikin batir. Batirin Prius samfuri na biyu bai kai kilowat-awa 2 ba, alhali na bZ4X, motarsu mai lantarki zalla, ya kai 71. Ku lura da wannan tazara, domin duk lissafin kamfanin a kanta ya tsaya.

Wajen 2021 guguwar motar lantarki ta taso. Tesla ta zama abin magana, darajarta a kasuwar hannun jari ta zarce ta Toyota nesa ba kusa ba. General Motors ta ce burinta ta daina sayar da ƙananan motocin fetur zuwa 2035. Volvo ta ce ita 2030. Tarayyar Turai ta sa 2035 a doka. Kowa ya ruga, sai Toyota ta ja tunga. Shugabanta na lokacin, Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, ya ce su hanyoyi da yawa za su bi a lokaci ɗaya: fetur, ruwa-biyu, mai jonawa, lantarki zalla, har da mai amfani da iskar haidirojin irin Mirai da suka fitar a 2014. Masu kare muhalli suka yi masa ca, suka ce tsoho ne ya ƙi sakin abin da ya saba. Abin ya ƙara muni a 2022, da suka fito da bZ4X suka kuma janye ta cikin 'yan makonni saboda notinan taya na iya kwancewa. Kamfanin da duniya ta sani da ƙarko, a ce tayarsa na iya fita! An yi musu dariya sosai.

Ba a jima ba iska ta juya. Sashen motocin lantarki na Ford ya yi asarar dala biliyan 4.7 a 2023, ya ƙara sama da biliyan 5 a 2024. Volvo ta janye alƙawarin 2030. General Motors ta ce za ta dawo da ruwa-biyu mai jonawa. Ita kuwa Toyota, a 2024 ta sayar da motoci sama da miliyan 10, kimanin miliyan 4 daga ciki ruwa-biyu ne, masu lantarki zalla kuwa ba su kai 150,000 ba. A farkon shekarar ne Toyoda ya ce a ganinsa lantarki zalla ba zai wuce kashi 30 cikin 100 na kasuwar duniya ba.

Hujjarsu suna taƙaita ta da lambobi uku: 1, 6, 90. Suka ce ma'adinan da za a zuba a batirin motar lantarki guda ɗaya mai dogon zango, sun isa a yi ruwa-biyu mai jonawa 6, ko ruwa-biyu zalla 90. Tunda ma'adinan ba su da yawa, in ji su, gara a raba wa motoci 90 kowace ta rage shan mai, da a tara wa guda ɗaya sauran 89 su ci gaba da hayaƙi. Kamar mai buhun taki ɗaya ne a fadama: ya juye shi a kunya guda, ko ya barbaɗa wa gonar duka?

Lissafin yana da daɗin ji, amma kada mu haɗiye shi ba tauna. Mai kaya ne ke yabon kayansa. Toyota ta shafe sama da shekara 25 tana zuba kuɗi a ruwa-biyu, ribarta a nan take, kuma motar da ke da inji tana raya dubban masana'antun fistin da giya da filogi da ke kewaye da ita a Japan. Sannan ƙarancin ma'adinan da aka gina hujjar a kai bai tsaya yadda yake ba: farashin litiyom ya hau a 2022, ya faɗo warwas a 2023, kuma 'yan Sin sun yawaita wani batir da ba ya buƙatar kobal ko nikel. A Nowe, kusan motoci 9 cikin 10 da aka saya sababbi a 2024 masu lantarki zalla ne. Kamfanin BYD na Sin ya daina ƙera motar fetur zalla tun 2022, a 2024 ya sayar da sama da miliyan 4. Ita kanta Toyota da ta tashi yin bZ3 mai lantarki zalla don kasuwar Sin, batirin BYD ta sa. Kuma ta gina masana'antar batir ta kusan dala biliyan 14 a jihar Karolaina ta Arewa a Amurka. Wanda ya yarda lantarki ba shi da gobe ba ya zuba irin wannan kuɗi. Ni a karatuna, lokaci suke saye, kuma ruwa-biyu ce ke biyan kuɗin jiran.

Yanzu mu dawo gida mu yi lissafi da alli. Mu ɗauka tafiyar kilomita 400 ce, litar fetur kuma naira 1,000 don sauƙin ƙidaya. Camry ta fetur mai yin kilomita 12 a lita za ta sha lita 33, naira 33,000 ke nan. Takwararta ruwa-biyu mai yin 17 za ta sha kamar lita 24, naira 24,000. Mai lantarki zalla, in ka cika batir mai kilowat-awa 70 a kan farashin wuta na rukunin A a 2024, naira 200 da 'yan kai kowane kilowat-awa, wajen naira 15,000 ne. A takarda lantarki ya cinye gasar, babu musu. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, ba mai raina wannan bambanci.

To amma ina wutar? Layin da ke kawo mana ita daga Kainji yake tasowa, kuma kun tuna Satumban 2023, da gobara ta tashi a babbar tashar rarraba wuta ta nan garin, yadda Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka shiga duhu. Ka ce za ka yi caji da janareta? Janaretan gida mai kilowat 2 da rabi sai ya yi kusan awa 28 yana ruri kafin batirin ya cika, fetur ɗin da ka guje wa ka ƙona shi a tsakar gida. An buɗe tashar caji mai hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, abin a yaba ne, amma direban da ya ɗauko fasinja daga Yawuri zai je Kamba ba zai ratsa ta Sakkwato don caji ba. Saboda haka a doguwar tafiya, a yau, hanyar Toyota ta fi dacewa da mu. Ba don mu suka zana ta ba, dacewa ce kawai aka yi.

Abu ɗaya da dillalai ba sa faɗi: ruwa-biyu a cikin gari take nuna bajinta. Mai tasi da ke yawo tsakanin kasuwa da tasha, tsaya-tashi tsaya-tashi, shi zai ga ragi sosai. Wanda kullum yana kan babban titi yana gudu 120, inji ne ke aiki kusan ko da yaushe, ragin kaɗan ne.

Ga inda maganar ta shafi cikinmu, iyayen gareji. A Amurka, Sienna tun samfurin 2021 ruwa-biyu ce kaɗai. Camry daga samfurin 2025 haka. RAV4 ta bi sahu a samfurin 2026. Camry fa, wadda ta cika titunanmu. Ku ƙara shekara goma a kai. Ranar na zuwa da dillali zai je neman Camry tokumbo mai fetur zalla ya tarar ta zama tsohuwar ajiya.

Dattawan nan sun tuna lokacin da injekta ta shigo. Me aka yi? Aka riƙa cire ta ana ɗora kafireta, domin ita aka sani. Mota ta koma shan mai kamar raƙumi, mai ita yana godiya. Ruwa-biyu ba za ta yarda da wannan ba. Ba ta da kik irin wanda kuka sani, ba ta da altaneta, giyarta ma ba irin taku ba ce. Na'urorin lantarkin da ke cikinta su ke tayar da inji, su ke caji. Ka cire batir ka ce za ka mayar da ita fetur zalla, ka kashe mota.

Kuma ina roƙonku da girman Allah, duk wayar da kuka gani mai ruwan lemo a cikinta, kada yaro ya sa hannu. Batirin motar da kuka saba bolt 12 ne. Wannan ya haura 200. Akwai fulogin tsaro da ake zarewa, a jira wasu mintoci, a sa safar hannu ta roba ta musamman, a auna da mita kafin a taɓa. Masu rewaya, sana'ar nan gabanku ta nufo, ku nemi na'urar karanta kwamfutar mota tun yanzu.

Sai zafi da ƙura, abokan zamanmu. Batir ba ya son zafi, mu kuwa a Afrilu muna haura digiri 40. A Prius, iskar da ke sanyaya batir daga cikin mota ake zuƙo ta, ta wata 'yar taga gefen kujerar baya. Hunturu ya cika fankar da ƙura, fasinja ya jingina buhun albasa a bakin tagar, batir ya dahu. Sai a ce motar ba ta da kyau, alhali wanke fanka ne, aikin awa ɗaya.

Da aka buɗe fagen tambaya, wani dattijon bakanike ya miƙe ya ce: "Malam, mun ji. Amma abin da munka sani, tokumbo da tsohon batir taka zowa. In ya mutu, mai mota ya sai da gona?"

Baba, tambayarka ita ce tambayar. Batirin Prius ta biyu ba dunƙule ɗaya ba ne, gunduwa 28 ne a jere. Sau da yawa ɗaya ko biyu ne suka raunana suka ja sauran. Wanda ya iya yana auna kowace, ya canza mai rauni, ya daidaita cajinsu. Ba zai koma sabo ba, kar a yi wa mai mota ƙarya, amma zai ƙara tafiya. Kuma kafin a biya kuɗin mota, a jona na'ura a karanta lafiyar batir, kamar yadda ba ka sayen bijimi a kasuwar kara sai ka buɗe bakinsa.

Wani ɗalibi ya tambaya ko ke nan lantarki zalla ba zai zo Kebbi ba.

Zai zo, ɗana, amma ina zaton ba ta ƙofar Toyota ba, kuma ba da taya huɗu zai fara ba. Ka je fadamar Argungu ka ga manoman shinkafa da suka ajiye injin ban-ruwa na fetur suka koma faranti mai hasken rana. Ba wanda ya yi musu lacca, tsadar mai ce ta koya musu. Babur da keke-napep batirinsu ƙarami ne, faranti kaɗan sun isa su cika shi, kuma da yamma gida suke kwana. Daga Sin za su zo. Ka tambayi masu sayar da kayan sola a kasuwa, su za su fara kawo su. An ce mini an kusa kiran Magariba, mu tsaya nan. Wanda ke son ganin fankar batirin da na faɗa, akwai Prius a waje, mai ita ya yarda a ɗaga kujerar baya.